Shekarar da Na Ƙona Maƙwabtan Iya

Ruwan farko na bana ya sauka ranar wata Talata da la'asar, bayan mun gaji da ɗaga kai muna kallon gabas. Kwana uku da yin sa ina zaune a baranda, a gidan ɗana da ke Unguwar Rimi, sai ga jikata Husna ta shigo da wani farin abu a tafin hannu.

"Hajiya, dubi abin da ya fito a gindin mangwaro. Ana ci?"

Na karɓa na jujjuya. Siririn kara, 'yar hula mai laushi, ga zobe a wuya. Na ce mata laimar kwaɗi ce, ta je ta yar ta wanke hannu da sabulu. Ta ce bari ta ɗauke ta hoto tukuna, wayarta za ta faɗa mata ko ana ci. Na ce to wayar ta fara ci, in ta kwana lafiya mu ma sai mu taɓa. Ta tafi tana dariya, ta bar ni da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa a yatsu. Na daɗe ina shinshina su, don sun mayar da ni wani gida da babu shi yanzu.

A Doka aka haife ni, nan cikin Kaduna, kuma abin da zan faɗa ya faru ne ina 'yar shekara goma, tun Turawa na nan. Doka ta lokacin ba ta cika ba. Tsakanin gida da gida akwai fili da ciyawa, in iska ta juyo kana jin kukan jirgin ƙasa daga wajen kogi. Mu huɗu ne a gidan in ba a ƙirga goyon Inna ba: Baba, wanda ake kira Sule Kafinta, da Inna mahaifiyata, da ni, da Iya, uwar Baba, wadda ya ɗauko daga ƙauyensu na wajen Rigachikun bayan rasuwar kakana. Sunanta aka sa mini, shi ya sa ba mai faɗin sunana a gidan. Baba ya ce Uwata, Inna ta ce Uwani, Iya kuwa Takwara. Ita ma ba ta faɗin sunan Baba, ɗanta na fari ne. Kafinta take ce masa, sai ka ce wani baƙo ne da ya zo gyaran ƙofa.

Iya ta yarda ta baro ƙauye ne bisa sharaɗi ɗaya: a ba ta inda za ta riƙa taɓa ƙasa. Sai Baba ya kewaye mata wani ɗan fili a bayan madafi da dangar kara. Nan ta yi garkarta. Kuɓewa, yakuwa, rama, barkono, kabewa mai hawa danga, da zogale guda a bakin ƙofa. In ka shiga, taku biyar ta hannun dama, akwai suri. Jan suri ne, ya fi ni tsawo, bayansa ya kusa jingina da dangar da ta raba garkar da rumfar da Baba ke ajiye katako. Tun ranar kafa danga Baba ya so rushe shi. Iya ta ce akwai masu gida a ciki, kuma shi ya tarar da su, ba su suka tarar da shi ba.

Maƙwabta take kiran su. Ban taɓa jin ta ce aljanu ba. Na tambaye ta dalili, ta ce, "Kamar ke ne, Takwara, ba a faɗin sunansu." Ta ce gajeru ne, ba su kai gwiwata ba, Musulmi ne, suna da 'ya'ya masu ƙiriniya irin tawa, kuma ba ruwansu da kowa in ba an taka su ba. Bushiyar da ke fitowa da magariba daga ƙarƙashin kabewa akuyarsu ce. Hawainiyar kan zogale manzonsu ce, shi ya sa ba ta sauri, saƙo take haddacewa. Kwaɗi su ne masu shelarsu, kuma a bakin aikinsu ake ba su waɗannan 'yan laimomi da ke fitowa a juji da gindin itace, don haka ɗan Adam bai ci, kayan ma'aikata ne. Ƙadangaru kawai ta raina. Ta ce 'yan zaman banza ne, ba na kowa ba.

Zama da su bai da wuya. In za ka shiga garka ka yi sallama. Ƙarfe bai matsawa kusa da suri, ko fartanyarta a gindin zogale take jingine ta, ta cire ciyawar wajen da hannu. Babban laifi shi ne ruwan zafi. Ko a tsakar gida ne, ba a zubar da shi sai an yi bisimilla an ce a gafara, don iyaye su janye 'ya'yansu.

Su kuma abin da suke yi mana shi ne naman kaza, irin mai tsirowa daga ƙasa. Sau ɗaya a shekara, in damina ta kankama, za a wayi gari gefen surin na gabas ya yi fari fat. Hula mai faɗin tafin hannu da ɗan tsini a tsakiya, da doguwar jijiya da ke nutsewa cikin ƙasa kusan kamu guda. Iya takan durƙusa ta murɗa a hankali, ta zaro shi har jijiyar ba ta tsinke ba. Kullum takan bar uku. Na masu gida ne, in ji ta, ba a kwashe wa mai kyauta kwano tas. A yayyaga da hannu, a soya da ɗan man gyaɗa, a zuba a miyar kuɓewa da daddawa. Na ci nama iri-iri a rayuwata, har a ƙasa mai tsarki, amma in na rufe ido wannan miyar nake ji a harshe. Abin da ya rage a shanya a faifai, ya kai mu har kaka.

Baba bai taɓa ƙin cin miyar ba, amma bai yarda da zancen ba. Yakan ce ya tambayi malaminsu, malam ya ce aljanu gaskiya ne, suna cikin Alƙur'ani, amma bai ce a garkarmu suke ba. Iya ta ce malam bai taɓa shiga garkar ba.

A shekarar da nake magana, ruwa ya yi mana wayo. Ya zo da wuri, ya yi sau biyu masu kyau, kowa ya zuba iri. Kuɓewar Iya ta fito da kunne biyu-biyu. Daga nan sama ta bushe. Aka ga watan azumi cikin wani zafi da ban sake ganin irinsa ba. Hadari ya taso da la'asar, baƙi ƙirin, a kwashe shanya, a kafa tukwane a bakin indararo, sai iska ta zo ta watsa shi ta bar mu da ƙasa a ido. Kawuna da ke kawo mana dawa daga Rigachikun a kan jaki ya zo da rabin abin da ya saba, yana ba da haƙuri, ya ce shuka ta ƙone sai an sake iri. Kunun Inna ya fara tsinkewa, har kana ganin gindin ludayi. Miya ta koma kuka tsura. A shekarar ne muka fara cin garin rogo, wanda matan ma'aikatan jirgi ke sayarwa. Iya ta ɗebi kaɗan ta murza a yatsu, ta ce wannan ai dussar katakon Kafinta ce, a mayar masa da abinsa. Daga baya ta ci, da ƙuli-ƙuli, tana harare-harare.

Shi ne azumina na farko na yini cur. Da gari ya waye ni da Inna mu tafi rijiyar unguwa, a jefa guga a jira, ta fito da rabi, rabin ma laka. Mu tace a randa. Baba ya shiga rumfarsa, ka ji zarto na tafiya a hankali ba kamar yadda ya saba ba. Kafin azahar gidan ya yi tsit. Iya ta jiƙa zane ta lulluɓa, ta kwanta a ƙasan ɗaki, ni kuma in manna kumatuna a jikin randa. Kaji su buɗe baki a inuwa. Da la'asar a tashi daka da jiƙa tsamiya, jiki ba ƙarfi. Ba lasifika a lokacin. Yara ne ke tsayawa kusa da masallaci, da ladan ya ɗaga murya su watsu cikin unguwa suna faɗin an sha ruwa. Duk da wannan ƙunci, Iya ba ta fasa ba shukarta ruwan alwalarta ba. A kan kwano take yi, ta kai wa barkono.

Ranar uku ga azumi Baba ya ɗaga katakon da ya tanada don ƙofofin wani gida, ya tarar gara ta cinye na ƙasa guda huɗu, sai ɓawo. Katako a shekarar ba abin wasa ba ne. Ya shigo gida da guntun a hannu, ya durƙusa a ƙofar ɗakin Iya, ya murƙushe shi a gabanta ya zama gari.

"Iya, ki yi haƙuri, maƙwabtanki sun ci abincinmu. Yau zan fasa surin nan."

"Cikin azumi? Su ma azumi suke."

"Masu azumi ne suka ci katako huɗu?"

"Dabbobinsu ne suka yi ɓarna. Kai akuyarka ba ta taɓa shiga gonar wani ba?"

Suka yi ta yi, shi a durƙushe, ita tana jan carbi. A ƙarshe Iya ce ta yanke. Ta ce ya bari har Sallah. In sun ba da naman kaza kafin nan, ya san ana zaman arziki, ya ƙyale su. In ba su bayar ba, to sun tashi, ya fasa kangon. Baba ya ce ya yarda. Da ya fita na ga Iya ta daɗe tana kallon ƙofar garka. A duk garin Kaduna wannan 'yar ƙasar ce kaɗai tata, kuma surin nan da shi take hira in kewar ƙauye ta taso mata.

Kwana biyu bayan haka na yi abin da na yi.

Inna ta dafa rama da la'asar, ta tsame ganyen, ta ce in kai ruwan makwarara in zubar. Makwararar tana can ƙofar gida, garka kuwa ga ta nan bayan madafi. Ƙishirwa ta sa idona na ganin abu biyu-biyu. Na ce a raina bari in zuba a bayan danga, wa zai sani. Na kama tukunyar da tsumma na shiga garka, ba sallama. Tsumman ya zame, zafi ya ci yatsuna, na watsar da ruwan a inda ya fi kusa. Sai da tururi ya tashi na ga inda na zuba. Gindin suri ne, gefen gabas, daidai inda naman kaza ke fitowa. Ƙasar ta yi wani ɗan sauti tana shanye ruwan, ni kuwa a kunnena kukan jariri ne. Ban yi bisimilla ba, ban ce a gafara ba. Mutane suna azuminsu a cikin ɗakinsu na sheƙa musu tafasasshen ruwa.

Na tsince ganyen da na gani, na watsa busasshiyar ƙasa a wurin, na fito. Da aka sha ruwa na ture kununa gefe. Inna ta taɓa wuyana ta ce ko azumin ne ya fi ƙarfina.

Daga ranar komai na gani nawa ne. Bushiya ta daina fitowa, na ce sun ɗaure akuyarsu za su yi ƙaura. Hawainiya ta juya ido ɗaya ta dube ni, na ce ta kai ƙarata. Ƙanena, goyon Inna, ya yi zazzaɓin haƙori, na ce ramuwa ce. Hadari ya taso ya watse, na ce ni ce. Ranar da maza suka fita roƙon ruwa a bayan gari, da rigunansu a juye, na tsaya a zaure ina kallon dattawa suna wucewa ba takalmi a wannan rana, na ji kamar in nutse. Duk Doka na shan wahala saboda ƙyuyata, ga Iya za ta rasa surinta, kuma ba wanda ya sani sai ni da su.

Na yi ƙoƙarin gyarawa da hankalin 'yar shekara goma. Na rage kununa a ɗan ƙoƙo na kai gindin suri. Da safe tururuwa ta cika shi. Iya ta ɗauko ƙoƙon ta tsaya a tsakar gida, ba ta dubi kowa ba, ta ce wanda ya kai musu kunu ya daina, maƙwabta ne ba mabarata ba, kuma gidan nan ba a ba kowa abinci don tsoro, Allah kaɗai ake tsoro. Na sunkuyar da kai ina tankaɗe. Sai na koma ruwa. Kowace safiya in mun dawo daga rijiya in ɓoye moɗa guda, in shiga da sallama har sau uku, in yayyafa a inda na ƙona, wai ko ya huce. Wata rana Inna ta ce randar nan kamar tana yoyo. Na ce ni ma na lura.

Ruwa ya dawo ana saura kwana huɗu Sallah. Da azahar ne. Iska ta fara kawo ƙamshinsa tun bai iso ba, sai ga shi kamar da bakin ƙwarya. Baba ya fito daga rumfa ya tsaya a tsakar gida, hula a hannu, ruwa na dukan kansa. Inna na tarar ruwa tana kuka tana dariya. Mu masu azumi muka dinga rufe baki kada ɗigo ya shiga. Da magariba gina ta tashi daga suri, fuka-fukai ko'ina, muka kafa kwano da ruwa kusa da fitila muka tara, Inna ta soya da gishiri. Kwaɗin da ban san inda suka ɓuya ba suka cika garka da shela. Iya ta ce to, an buɗe kasuwa, saura kaya.

Washegari tun rana ba ta fito ba na riga Iya zuwa garka. Babu komai. Laimar kwaɗi dai ga ta nan a juji har da 'ya'ya, amma gefen gabas jan ƙasa ne kawai. Washegari ma haka. Aka sake ruwa, aka ga wata, aka yi Sallah. Na sa sabon zanena, aka yi mini lalle, na bi 'yan'uwana yawon Sallah, ko ɗanɗanon alewar ban ji ba. Iya ta shiga garka da ƙwaryarta da safen Sallah, ta fito da ita a kife.

Washegarin Sallah da hantsi Baba ya aro diga. Ya zo ƙofar ɗakin Iya ya gaishe ta, ya ce, "Iya, lokaci ya yi." Muryarsa ba ta mai nasara ba ce. Iya ta yafa mayafi ta bi shi, ta ce za ta yi musu sallama. Inna ta tsaya a ƙofar madafi da goyo. Na ga digar ta wuce zogale, inda ko fartanya ba ta wucewa. Ban san lokacin da na ruga na tsaya tsakaninsa da surin ba.

"Baba, ba su tashi ba. Ni ce na ƙona su."

Ya sauke digar. "Uwata, me kika ce?"

Na faɗa duka, da ramar, da tsumman, da kunun, da randar da ba ta yoyo. Ina yi ina shessheƙa. Na ce ni na hana ruwa, ni na sa wa ƙanena zazzaɓi, in za a fasa wani abu a fasa ni. Inna ta sa gefen zane ta rufe baki, na zaci kuka take, ashe dariya ce take dannewa.

Iya ta ce, "Tun ranar na ga ganyen rama biyu a wurin. Ko ɓoye laifi ba ki iya ba, Takwara. Jira nake ki faɗa da bakinki."

Baba ya ce, "To, Allah ya kyauta. Amma Iya, alkawari muka yi."

"Mun yi. A kan su bayar ko su hana. Ba mu yi da kai 'yarka za ta dafa musu ƙofa ba. Kai kafinta ne. In ka kafe wa mutum ƙofa da ƙusa ta waje, sai ka ce ya ƙi fitowa?"

Baba ya dube ta, ya dube ni, ya tura hula gaba ya sosa ƙeya. Ya ce uwa ɗaya ma bai iya da ita ba, balle biyu sun haɗa kai. Ya ba mu zuwa Juma'a, ranar kuwa ko limamin Doka ne ya tsaya a gaban surin sai ya fasa. Ya saɓa digarsa ya fita.

Iya ta kama hannuna ta durƙusar da ni. Ta sa na yi sallama, na ce su yi haƙuri. Ita ma ta ƙara da cewa yarinya ce, azumi ne, ba za ta sake ba.

Na ce, "Iya, sun ji?"

"Kunnensu ya fi naki."

"Na kashe musu ɗa?"

"Gara kika kashe, ita ma rai ce, ki nemi gafarar Allah. Batun ruwa kuwa, ke wace ce? Tukunyar rama ɗaya ce za ta rufe sama? Ji yarinya da ɗaukar kai."

Wallahi ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba. Na kwantar da kaina a cinyarta, tana warin hayaƙi da man shanu, na yi kukan da na yi kwana ashirin da wani abu ina haɗiyewa.

Ranar Laraba aka yi ruwa mai yawa. Ranar Alhamis da sassafe na shiga, gefen gabas ba komai. Har na juya zan fita, sai na ji Baba daga bayan danga, cikin rumfarsa, yana cewa, "Uwata, kira mini Iya." Murya ƙasa-ƙasa, kamar mai gudun tada barci.

Ashe ta yamma naman kazan suka fito. A ɗan tsukin da ke tsakanin suri da danga sun yi cincirindo, farare, raɓa a kansu, wasu sun kutsa ta ƙarƙashin karan sun ɓullo cikin rumfar Baba, dab da katakonsa. Na ƙirga ashirin da bakwai, na rikice, na sake. Iya ta zagayo ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Ka gani, Kafinta? An rufe musu ƙofa sun fasa wata. Har gida suka kawo maka, kai da ka zo musu da diga."

Baba ya ce gara ce dai da ruwan sama. Iya ta ce to kada ya ci. Ya ce bai ce haka ba.

Ranar muka ci tuwon dawa da miyar da ta amsa sunanta, karo na farko tun kafin azumi. Iya ta sa na kai wa gidaje uku na kusa, ko'ina ɗan kwano. Baba ya suɗe hannu, ya tashi ya mayar da digar mutane. Sati bai zagayo ba ya ɗora katakonsa a kan duwatsu, ya tsoma ƙafafun benci a gwangwanayen baƙin mai, yana yi yana mita. Bushiya ta dawo da 'ya'ya biyu. Amma gefen gabas bai sake ba da ko ɗaya ba har muka bar gidan. Duk shekara sai na duba, duk shekara sai na ji kunya.

Yanzu shaguna ne a wurin, an shafe ƙasar da siminti. Na taɓa sa ɗana ya tsaya da mota, na yi ta lissafin inda zogalen yake, ban gane ba. Husna takan yi mini dariya in ta ji ina cewa a gafara kafin in juye ruwan taliya a cikin kwatamin kicin. Ta ce, "Hajiya, su wa ke cikin bututu?" In ce ban sani ba, shi ya sa nake faɗa.

Iya ba ta ga wata daminar ba. Ta rasu da rani, bayan 'yar gajeriyar jinya. Garka ta zama tawa da Inna, muka yi iya yinmu. Na ɗauka Baba zai fasa surin, tunda ba mai hana shi. Bai ko ambata ba.

Da ruwa ya kankama, wata safiya na leƙa na ga naman kaza sun fito. Na tsaya a ƙofar garka na kasa shiga, don ban taɓa cira babu Iya ba. Sai na ji takun Baba a bayana. Ƙwaryar Iya ce a hannunsa. Ya zo daidai zogale ya tsaya. Ya zaro fensir daga bayan kunne ya mayar, ya laluba aljihun rigar aikinsa, ya kwaso ƙusoshi, ya sake lalubawa ya fito da 'yar wuƙarsa da makullin rumfa.

"Riƙe mini, Uwata."

Na tara hannu biyu. Ya yi gyaran murya, ya yi sallama a hankali, ya shiga. Ya durƙusa inda take durƙusawa, da manyan yatsunsa masu kanta, yana murɗawa yana zarowa, jijiya ko ɗaya ba ta tsinke ba. Ashe duk shekarun nan yana kallo. Da ya cika ƙwaryar ya miƙe, ya fito, ya karɓi ƙusoshinsa yana mayarwa aljihu, bai dube ni ba. Na leƙa bayansa na ƙirga abin da ya rage.

Na ce, "Baba, ka bar huɗu. Uku ake bari."

Ya ce, "Na sani, Uwata. Ɗayan na mai garkar ne."